Ƙasa da Ƙasa

Mu goma sha ɗaya ne a ƙauyen nan,
in an haɗa da Wendell mai gyaran tarakta
wanda rabin shekara a asibiti yake yi.
Gida bakwai, uku sun daina hayaƙi.
Dogon rumbun alkama, tattabaru suka gaje shi
tun da jirgin ƙasa ya daina tsayawa.
Sai titi ɗaya, miƙe sambal,
ya fito daga Amurka ya shige Kanada
ko sannu bai ce mana ba.

A ƙarshensa ɗakin kwastan biyu suna kallon juna,
tsakaninsu sandar ƙarfe mai ja da fari.
Takwas na safe a ɗaga, biyar na yamma a sauke.
Bayan nan sai gobe,
ko da naƙuda ce ta taso.

Kakanninmu da suka zo a keken doki
a nan suka gina coci,
maƙabarta kuwa can arewa, kan tudu,
inda ruwa ba ya kwanciya.
Layin yana nan, amma a takarda yake a lokacin.
Shi ya sa muke tsufa a wata ƙasa,
in mun mutu mu yi ƙaura zuwa wata.

Ardith tana can, shekara huɗu ke nan.
Daga tagar kicin nakan hango dutsen kabarinta
in dusar ƙanƙara ba ta haɗiye shi ba.
Minti goma ne a ƙafa.
Amma sai na tayar da mota, na lalubo fasfo,
na tsaya gaban yarinyar nan Pasloski
wadda ta san har sunan karena.

"Ina zuwa, Mista Haugen?"
"Gun matata."
"Kwana nawa za ka yi?"
"Wannan karon zan dawo."

A watan Mayu na tono dashen furen
da Ardith ta shuka a bakin ƙofa,
na sa shi a gwangwanin kofi, na ɗaura masa bel a kujera
kamar fasinja.
Yarinyar ta leƙa, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "In ka yanke furen, ya wuce.
Amma ƙasar da ke saiwarsa, doka ta hana."

Ƙasa ba ta shiga ƙasa, ke nan.

A daidai lokacin iskar kudu
tana kwasar gonar Wendell buhu-buhu
tana juyewa cikin Kanada,
ta kan hular yarinyar, ta kan tutarsu.
Ban nuna mata ba. Idonta ya riga ya yi ja,
kuma ba ƙurar ce kaɗai ba.

Na ajiye gwangwanin a bakin taga,
na je hannu rabbana.
Na ba Ardith labari.
Da tana nan da ta yi dariya har ta ƙware,
ta ce dama kai komai sai ka ɗauko da saiwarsa.

Bayan sati biyu na ga dashen
a gindin ginshiƙin iyaka,
taku ɗaya ta ɓangarenmu, babu laifin kowa.
Ban tambayi wanda ya dasa ba.
Nakan dai ga yarinyar da azahar
tana juye masa sauran ruwan gorarta,
tana kallon wani wuri.

Saiwa ba ta karatu.
Bana ya yi toho a ɗaya gefen ginshiƙin.
Na yi lissafi a bayan takardar wuta:
kamu ɗaya a shekara, in sanyi bai kashe shi ba,
sai jikokin tattabarun nan sun manta da mu
kafin ya kai tudun.

Ni zan riga shi.
Na faɗa wa Wendell, na faɗa wa fasto:
ranar, ban da dogon wa'azi.
Ku kakkaɓe tayoyin motar,
ku tashi da wuri.
Biyar ake rufewa.